Muryar ɗan siyasa a WhatsApp: tasa ce ko ta na'ura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp, ana jin wani ɗan siyasar jiharmu yana zagin mutanen wata ƙaramar hukuma. Wasu sun ce haɗin AI ne, wato na'ura ce ta kwaikwayi muryarsa. Yaya zan gane? (Daga Argungu)

Amsa: Wa alaikumus salam. Manhajojin kwaikwayon murya na iya aiki da maganar mutum ta minti ɗaya kacal, ga shi jawaban 'yan siyasa sun cika rediyo da Facebook. Sai dai har yanzu suna tuntuɓe a Hausa, domin da Turanci aka fi horar da su.

Toshe kunne da abin sauraro, ka bi maganar a hankali. Na'ura kan kasa raba garin tuwo da garin da ake zama a ciki, saboda jan wasali da karin sauti. Takan kuma daddaƙile ƙ, ɗ, ɓ da ts. Babban abin da ke tona mata asiri a yankinmu shi ne karin harshe: mutumin da ka saba ji yana cewa "wanga" da "mi ya hwaru", in ka ji shi yana zuba Kananci tsantsa, ka dakata. Ka lura ko yana jan numfashi, ko akwai motsin jama'a a bayansa.

Duk da haka kunne kaɗai ba ya raba gardama. Tambayi wanda ya turo: a wane taro aka faɗa, wace rana? Kibiya biyu a saman saƙo na nufin ya bi hannu aƙalla biyar kafin ya iso gare ka. In bidiyo ne, ɗauki hoton allo ka saka a manhajar binciken hoto ta Google Lens, sau da yawa za ka tarar tsoho ne. Abin da ya fi damuna shi ne yanzu mai laifi ma yana iya cewa muryarsa ta gaskiya AI ce. Don Allah kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba.

Tambaya: Malam, ChatGPT zai iya rubuta mini wasiƙar neman bayanin kuɗin aikin mazaɓa? (Daga Gusau)

Amsa: Zai iya, Hajiya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ki ba shi sunan aikin, wurin, shekarar kasafi da ma'aikatar tarayya da ke da shi, wanda za ki iya nema a shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT mai bibiyar ayyukan kasafi. Ki duba kowane sashen doka da ya ambata, domin yakan ƙirƙiro lamba da kansa. Kada ki saka masa NIN ko lambar katin zaɓe. Ki buga kwafi biyu ki kai ma'aikatar, a sa wa ɗaya hatimi da kwanan wata ki riƙe, daga ranar ake fara ƙirga.