Lamba ce ko rubutu? Tambaya a kan XSLT

Tambaya: Malam, ina harhaɗa farashin buhunan albasa cikin fayil ɗin XML (tsarin adana bayanai a kwamfuta) ta amfani da XSLT, harshen sarrafa irin wannan fayil, amma duk lokacin da na nemi jimilla sai NaN ya fito. Yaya zan tantance lamba daga rubutu? Daga wani mai karatu a Tawa.

Amsa: Malam, NaN na nufin abin da aka ba umarnin number() bai karantu a matsayin lamba ba, kuma gurbi ɗaya tak, ko da wanda aka bari fanko ne, ya isa ya ɓata jimillar baki ɗaya. A XSLT 1.0 na shekarar 1999, dabarar ita ce gwada number(.) = number(.), inda ɗigon ke nufin gurbin da ake dubawa, domin NaN kaɗai ne ba ya daidai da kansa, idan gwajin ya gaskata, to lamba ce. A XSLT 2.0 na 2007 kuwa, castable as xs:decimal, wato gwajin ko abin zai iya juyuwa zuwa lamba, ya fi tsabta.

Zargina dai yana kan rubutunmu irin na Faransanci, inda muke sa 12,5 da waƙafi, ko 15 000 da tazara a tsakiya, alhali injin XSLT ɗigo kawai ya sani. Ka fara amfani da translate() ka mayar da waƙafin ɗigo, ka share tazarar, sannan ka yi gwajin.