Amsa: Kirista zai iya karɓar shugabanci?

Ɗan'uwa na Marwa, ka tambaya ko ya dace ka karɓi dattijancin ikilisiya da aka zaɓe ka, tunda Yesu ya ce mai son girma ya zama bara. Karɓa mana. Abin da Ubangiji ya tsawata a kai shi ne son a durƙusa maka.

Duba Markus 10. Yaƙub da Yohanna sun roƙi kujerar dama da ta hagu, sauran goman suka fusata (ni dai ina zargin su ma kujerun suke hange). Yesu ya tuna musu yadda sarakunan al'ummai ke danne talakawa, ya ce ba haka za a yi a tsakaninsu ba. A Yohanna 13 kuwa ya yi ɗamara da tawul ya wanke ƙafafunsu, aikin bayi, amma bai fasa amsa sunan Malam da Ubangiji ba.

Ga misali a ƙofar gidanka: Baba Simon Mpecke. Yana cikin 'yan Kamaru na farko da aka naɗa fada, wato limamin Katolika, a 1935. Ya bar majami'ar New Bell ta Duwala a 1959 ya hauro arewa, ya zauna Tokombere cikin mutanen duwatsu da ake rainawa. Ba takalmi yake yawo, ya buɗe wa 'ya'yansu makaranta. Ya rasu a 1975, Fafaroma Francis ya tabbatar da nagartarsa a 2023.

In ka karɓi dattijancin, kuɗin baikon ikilisiya kam, kada ka ƙirga kai kaɗai. Nemi mutum biyu su zauna tare da kai.