Hannun mutum-mutumi mai cijewa sannan ya zabura

Malam, ka ce hannun da kake sarrafawa da rimot yana cijewa, sai kuma ya zabura ya wuce wuri. Gogayya ce a gaɓoɓi: tayar da gaɓa daga tsaye ya fi cin ƙarfi a kan riƙe ta a tafe. Riƙa ƙara PWM (lambar da ke saita ƙarfin wutar da ke zuwa injin gaɓa) na Arduino (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa hannun) kaɗan-kaɗan daga 0 har gaɓar ta motsa, ka riƙe lambar, ka ɗora ta kan kowane umarni ta ɓangaren da za a juya.

Amma ka ɗan rage lambar, in ta yi yawa hannun karkarwa zai kama. Kuma mu nan Ringim awon damina ba ya yi da hunturu: ƙura ta cika haƙoran giya, giris ya yi kauri da sanyin safe. Sai an wanke an sake awo.