Kafin yayanka ya cire kuɗin kyamara

Ɗana, jiya muna kwashe kaya bayan ɗaurin auren nan na Mabera ka jefo min tambaya, ban ba ka amsa ba don magariba ta kawo jiki. Ka ce yayanka malamin makaranta ya ɗauki asusu, yana so ya sayi babbar kyamara irin wadda muke aiki da ita, alhali shi ba sana'a zai yi ba. Sha'awa ce kawai: hoton 'ya'yansa, hawan sallah, in ya je ƙauye ya ɗauki gona da shanu. Ka ce in zaɓa masa tsakanin Canon da Nikon da Sony.

Ka gaya masa na ce ya dakata tukuna. Ba hana shi nake ba, don mutumin da ke son hoto saboda Allah, ba don kuɗi ba, ina ganin girmansa. Amma kafin ya cire ko kwabo, ka sa ya buɗe wayarsa ya nuna maka hoton da ya so ɗauka ya gagare shi. Daga nan magana za ta fara. In ya nuna maka fuskar ɗansa ta yi baƙi ƙirin don ya tsayar da yaron rana na bayansa, wannan ba laifin waya ba ne. In ya nuna maka hoton da tukunya da igiyar shanya suka fito a bayan matarsa, shi ma ba laifin waya ba ne. Kyamarar miliyoyi ma haka za ta ɗauko su, sai dai igiyar ta ƙara fitowa tangaran.

Na san abin da ke ruɗin mutane: lissafin megafiksel, wato yawan miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su yi hoto, da masu sayarwa ke rubutawa a kwali. To zauna mu yi lissafin. Hoton da muke wankewa mu sa a firam, inci 8 da 10, in ana so ya fito sumul ana ba kowane inci ɗigo 300. Ka ga 2400 sau 3000 ke nan, wato megafiksel 7 da ɗan ɗoriya. Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihun yayanka ta wuce haka nesa ba kusa ba. Kuma ina hoton nasa zai ƙare? WhatsApp da Facebook, inda ake matse shi a rage masa nauyi kafin ya isa idon mai kallo. Ya sayi rijiya ke nan, alhali moɗa ɗaya zai sha.

Abin da ke yin hoto haske ne, kuma Sakkwato ba ta rasa haske ba, yawa ma ya yi mata. Kai shaida ne yadda nake ƙin ɗaukar mutum a fili da tsakar rana. Rana na tsaye bisa kai, ido ya faɗa cikin inuwa, goshi na ƙyalli, farar shadda ta ƙone ta zama kamar takarda, aikin wuyan rigar ya ɓace. Amma ka tuna badukun nan da muka wuce ta ƙofar shagonsa da safe, bayan hantsi ya ɗan ɗaga? Yana zaune a bakin zaure, hasken yana shigowa ta gefe ɗaya, ya kwanta a kan jar fatar akuya da ke cinyarsa, ya bi ta kan yatsunsa da basillar da ke hannunsa, bayansa kuwa duhun zaure ya rufe komai. Da wayarka ka ɗauke shi bayan mun gaisa ya ba mu izini, kuma har yau hoton yana manne a bangon shagonmu, masu shigowa suna tambaya wace kyamara ce. Abin da ya yi hoton nan shi ne ka san inda za ka tsaya, ka kuma jira har ya ɗago basilla.

Akwai wani mai hoto a Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta, da ya buɗe wurin aikinsa a 1948. A tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, da farko ma zanen gadonsa yake ratayawa a bayansu. Fim na da tsada, don haka yawanci bugu ɗaya yake yi wa mutum. A 2016 an baje hotunansa a Grand Palais, babban zauren baje koli na birnin Faris. Mu ma da muka fara da fim mai ɗaukar hoto 36, ba ka danna yatsa sai ka gyara wa mutum hula, ka dubi bayansa, ka dubi inuwa. Wannan tsoron asarar fim shi ya koya mana kallo. Yau yaro zai danna sau ɗari bai duba ko ɗaya ba.

Sai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa: kyamara mai tsada tana da hidima kamar doki. Bara wani alhaji ya kawo min tasa cikin jakarta, sabuwa fil, ya sayo ta a tafiya. Ya yi amfani da ita a sallah ɗaya da suna ɗaya, daga nan ta koma saman wadirob. Da na buɗe, batir ya kumbura ya ƙi fita sai da dabara. Na ɗaga ta sama na ɗauki sarari, ɗigo-ɗigon ƙura suka cika hoton, don ya taɓa canja gilashi, wato idon da ake ɗaura wa kyamara a gaba, a fili ana hazo. Na tambaye shi me ya sa ya daina fita da ita, ya ce nauyi, ga tsoron kada ta faɗi ko a fizge, ga shi in ya rataya ta a kasuwa kowa sai ya tsargu. Hotunan jikokinsa duk da waya ya ɗauke su. Abin ya taɓa ni, domin kuɗin da ya kwanta a jakar nan zai iya kafa wa yaro irinka sana'a.

Garinmu kuma ba ya raga wa na'ura. Duba littafin yawancin kyamarorin nan, za ka ga an rubuta su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. A watan Afrilu da Mayu Sakkwato tana haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Ka bar kyamara a mota a rufe da azahar, ka cuci batir da robar jikinta. Hunturu ya shigo, ƙura ta bi ta kowace kafa ta zauna a kan sansa, farantin nan na ciki da haske ke sauka a kansa. In ta samu babbar matsala sai a tura Kano ko Legas a zauna jira. Kayan nan duk da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a 2023 kowa ya ga yadda farashi ya yi tsalle. Bayan gangar jikin akwai gilashi, wanda mai kyau yakan fi kyamarar tsada, akwai memori, akwai batir na biyu, akwai jaka, akwai kwamfutar gyara.

Za ka ce to mu me ya sa muke saye? Mu kayan aiki ne, suna mayar da kuɗinsu. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Shi ya sa nake riƙe kyamara mai ramin memori biyu, in ɗaya ya lalace ɗaya na nan, don ba zan iya tsayawa gaban uban amarya in ce hotuna sun goge ba. Muna shiga ɗakin taro mai ƙarancin haske, muna dannawa sau dubu a yini. Yayanka ba wanda zai kama shi da laifi in hoto ɗaya ya kuɓuce masa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Amma akwai inda waya ke gazawa, kuma ba zan ɓoye ba. In abin da ke ransa shi ne dokin hawan sallah a guje a gaban fadar Sarkin Musulmi, mahayi ya ɗaga mashi, ƙura na tashi, shi kuma yana can bayan jama'a, waya ba za ta ba shi ba. In ya jawo hoton da yatsa sai ya farfashe. Wannan yana son gilashi mai jawo nesa da kyamarar da za ta ƙifta cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa don ƙafar doki ta tsaya cak. Haka in yana son tsuntsayen fadamar Rima, ko masunta sun afka ruwa da homa a bikin Argungu. In ya nuna maka irin wannan hoton a wayarsa ya ce ga abin da ya gagare ni, to ya cancanci kyamara.

Ko a nan ɗin, ta hannu zai nema. Da tsohuwar zuma ake magani. Canon 600D da ta fito a 2011 tana da megafiksel 18, Nikon D3200 ta 2012 tana da 24, kuma kowaccensu ta isa mai sha'awa ya shekara biyar bai ƙure ta ba. Ya haɗa da gilashi mai jawo nesa, mai lamba 55-250 in Canon ce, ko 70-300, don dawakai. In hoton fuskar yara yake so, bayansu ya narke, gilashi mai lamba 50 da ke buɗewa sosai, wanda aka rubuta wa f/1.8, yana cikin mafi araha, kuma yana aikin da ya fi kuɗinsa. Sai dai ka kula: in Nikon D3200 ya ɗauka, ya nemi gilashi mai alamar AF-S, don tsohon mai alamar D ba zai saita kansa a jikinta ba, sai da hannu.

Kada ya je saye shi kaɗai, kai za ka raka shi. Ka duba sau nawa aka danna ta, don irin waɗannan ƙananan an ƙera su ne su kai wajen 100,000. Ka cire gilashin ka haska shi da tocila, ka ga ko akwai karce ko hazo a ciki. Ka ɗauki farin bango ka buɗe hoton sosai ka nemi ɗigo. Ka ɗora batir a kan tebur ka juya shi, in ya yi ta juyi kamar katantanwa, ya fara kumbura.

Kafin nan, ka kawo min shi ranar Asabar bayan la'asar. Tsohuwar kyamarata ta cikin akwati tana nan, zan ba shi aro wata guda. Ya fita da ita kasuwar dabbobi, ya fita da ita bakin gulbi, ya koyi gaida mutum da neman izini kafin ya ɗaga ta. In wata ya cika za mu zauna mu uku mu duba abin da ya ɗauko, in kuma tambaye shi kwana nawa ya bar ta a gida. Ka caja mata batir daren Juma'a, ka goge memorin.