Rasit ne ko rasidi?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Taminus, Jos: Malam, wanne ne daidai, rasit ko rasidi? An ce mini ma Larabci ne.

Duka daidai ne, har da risiti da wasu ke cewa. Asalinsu kalmar Ingilishi ce, receipt, wadda su kansu Turawan ba sa furta harafin p da ke cikinta. Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, sai ya ɗora mata wasali, yadda ya yi wa tikiti da kotu da burodi. Rasidi ke nan. Rasit kuwa bakin 'yan boko ne, bai gama zama ɗan gida ba.

Batun Larabci, kamar sauti ce ta ruɗi mutane. Rasid a Larabci abin da ya rage a asusu ne, takardar shaidar biya kuwa wasl ko isal suke ce mata. Ba da malamai kalmar ta shigo ba, da ofishin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, ta shigo, zamanin da talaka ke adana takardar haraji, makiyayi na adana ta jangali, don kada a sake karɓa.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka kifar da ma'anar. Wanda ya karɓi kuɗi shi ke yanka rasit, shi ke sa hannu cewa sun iso. Amma tun ƙarancin takardun naira na 2023, da ciniki ya koma tiransifa, sai ka ji mai shago a kasuwar Wuse yana ce wa mai saye, "Alhaji, nuna min rasit." Abin da ke wayar Alhaji shaidar turawa ce kawai, kuma ana yin na bogi. Wasu ma alat suke kira rasit, alhali alat sanarwar banki ce. Ku riƙa bambantawa, don ranar rigima kowanne da aikinsa.

Wata malama daga Abuja: Mene ne jam'insa?

Rasitai ko rasidai. Wannan "rasit-rasit" da nake ji a bakin yara, a bar shi.

Wani ɗalibi daga Bukuru: Me ake nufi da "bashi hanji ne"?

Ƙarasa shi mana: yana cikin kowa. Attajiri ma ana bin sa, saboda haka ba abin gori ba ne.