Muryar da aka tura a guruf kan maganaɗisun jariran taurari

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji tambayarka, wai ta yaya aka auna maganaɗisun tauraron da babu wanda ya taɓa zuwa kusa da shi. Ni dai na gane inda ka dosa, so kake ka ce zuƙi ta malle ake mana. To ba haka ba ne.

Haskensa ake tarowa da madubin hangen nesa, a baje shi launi-launi kamar bakan gizo. A ciki akwai baƙaƙen layuka siri-siri, kowane sinadari da nasa. Idan sinadarin yana cikin maganaɗisu, layi ɗaya sai ya rabe gida uku ko fiye. Masanin kimiyya Zeeman ne ya gano haka a 1896, masanin taurari Hale kuma ya gan shi a tabon rana a 1908.

Wannan gwajin fa har a aji ana yinsa, da jan layin fitilar kadmiyam. Muna aji uku a jami'a aka ce za a nuna mana. Zuwan farko, mai makullin lab ya tafi ta'aziyya. Na biyu, aka ɗauke wuta. Na uku an kawo wutar, muna kunnawa wayar maganaɗisun ta ƙone, ƙauri ya cika ɗaki. Ƙarshenta aka ce mu kwafi sakamakon 'yan bara, har da maki aka ba mu! Wallahi har gobe abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina na tsaya? Yauwa. Jariran taurarin nan, wato sababbin taurari da ake kira dangin T Tauri, da yawansu suna can ɓangaren kaza da 'ya'yanta, tafiyar haske ta kusan shekara 450. Na ce layin rabewa yake ko? A'a, in gyara: a nan galibi kumbura kawai yake, kuma juyin tauraron ma yana kumbura shi. Shi ya sa ake komawa hasken da ya wuce ja, wanda ido ba ya gani, wajen maikiron 2.2 a ma'aunin tsawon zangon haske, don can rabewar ta fi faɗi. Sai a gwada layukan titaniyam da na iskar kabon monoksaid, wanda maganaɗisu bai dame shi ba. Rarar kumburin da titaniyam ya yi a kan na kabon monoksaid ita ce ma'aunin maganaɗisun.

A 2007 masanin taurari Johns-Krull ya auna irin waɗannan taurari 14, matsakaicinsu wajen gaus 2,500 (gaus shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Duniyarmu kuwa kusan rabin gaus ce kacal.

Akwai wata hanyar da ake bi a Hawayi, ta murɗewar haske, amma ita... kai, cajina ya yi ja, sai an jima.