Amsa ga uwar da ɗanta ke shure-shure da dare

'Yar'uwa, da na karanta cewa ɗanki mai shekara 9 ba ya iya barci, yana cewa kiyashi na yawo a cikin ƙafafunsa, kuma an ce miki ciwon girma ne, sai jikina ya yi sanyi, domin tamkar labarin 'yata kika bayar.

Shekara biyu muka yi a haka. Likitan farko ko kallonta bai yi ba, ni kaɗai ya yi wa tambayoyi, sannan ya ce rigimar yara ce, in daina biye mata. Na kuwa ɗauki maganarsa. Wani dare na same ta tana kai da kawowa a ɗaki, na daka mata tsawa, na ce idan ta sake motsi za ta gani. Ta kwanta ta ƙanƙame gwiwoyinta da hannu biyu, hawaye na zuba, tana son ta yi mini biyayya amma ƙafafun sun ƙi. Har yau daren nan yana ci mini rai, shi ma likitan ban manta da yadda ya sallame mu ba.

Likita ta biyu ce ta zaunar da yarinyar, ta roƙe ni in yi shiru. Ta ce wannan lalura ta rashin natsuwar ƙafafu, wadda ake kira Willis-Ekbom, babu gwaji guda da ke tabbatar da ita, kuma a ƙa'idar duba yara dole bayanin ya fito daga bakin yaron da kalmominsa. Ta tambaye ta ko tana jin dole sai ta motsa ƙafafun, ko abin yana tasowa idan ta zauna ko ta kwanta, ko tafiya tana kawo sauƙi, ko kuma ya fi tsanani da yamma da dare. Ta kuma tabbatar ba ɗaurewar tsoka ko sagewar ƙafa ba ce. Saboda haka kada ki sa wa ɗanki magana a baki, ki rubuta abin da ya faɗa da lokacin da ya faɗa.

Ki nemi a auna masa feritin, wato ma'aunin sinadarin ƙarfe da jiki ya adana. Gwajin yawan jinin 'yata lafiya lau ya fito, amma feritin ɗinta yana ƙasa da 50, inda ake fara ba yara magani. Kada a auna yana zazzaɓi, domin adadin yakan hau ya ruɗar da likita, kuma don Allah kada ki ba shi ƙwayar ƙarfe da kanki, yawanta guba ne ga yaro.

Abin yakan bi jini, wato ana gadonsa. Sai da aka tambaye ni na tuna yadda ƙafafuna suka hana ni sakat lokacin da nake da cikinta. Ki kuma gaya wa likita duk maganin da ɗanki yake sha, domin maganin mura mai sa barci da nake ba ta don ta samu hutu, ashe ƙara tsananta abin yake yi.